Lurwanu da Filin Makarantar Hajiya Baraka

Lurwanu bai san shekarar da aka haife shi ba. Abin da ya sani shi ne yana goye aka fita da shi daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, iyayensa suka nufi gabas da ƙafa, kuma bai ga Ka'aba ba sai da gemu ya fito masa. Tsakanin nan duk a Sudan ya yi shi. Sun tsinci auduga a Jazira, sun yi noman dawa a Gadarif, a Wad Madani kuma ubansa ya kwanta ciwon ciki bai tashi ba. Daga nan shi da uwarsa, Inna Rabi, suka koma Atbara, garin jirgin ƙasa, ya samu aikin lebura a wurin gyaran taragu.

A Atbara ya san ƙwallo. Ma'aikatan jirgin suna da ƙungiya, da riguna iri ɗaya, da fili mai katanga, kuma ranar Juma'a da yamma gari yakan taru ya kalle su. Lurwanu dogo ne mai faɗin ƙirji, sai aka sa shi a baya. Yakan ce a duk tafiyarsu nan ne kaɗai wurin da aka taɓa kiran sunansa da ƙarfi ba don a aike shi ba.

A farkon shekarun 1930 suka tara abin da ya isa, suka ƙetare teku daga Sawakin a jirgin katako, suka iso Makka. Bayan sun sauke farali babu guzurin komawa, babu ma wanda za a koma wa. Suka zauna a Misfala, cikin 'yan Takari, wato Hausawan da suka zo hajji suka yi zamansu. Ɗakinsu na gwangwanayen kananzir ne da aka buɗe aka miƙar, da ganyen dabino a sama. Inna Rabi ta kama soya gyaɗa tana sayar wa masu wucewa zuwa Harami. Lurwanu ya hau duwatsu yana fasa dutse, magina suna saye, har shi ma ya koyi gini. Ƙwallo kuwa a lokacin ba a buga ta a sarari, malamai da yawa ba sa kallonta da idon rahama. Idan ya yi wa uwarsa zancenta, sai ta ce ai Larabawa sun san abin da suka yi da suka sa wa ƙwallo suna kora, don ba abin da take yi sai korar namiji daga gida. Inna Rabi ba ta daɗe ba. Ta rasu tana murna cewa a Makka za a rufe ta.

Ya auri Rumasa'u, haifaffiyar Misfala, wadda Hausarta rabi Larabci ce. Yayanta, Malam Ja'afaru, mutum ne siriri, mai magana a hankali, ya yi karatu a wajen malaman Harami, yana koyarwa a makarantar unguwa. Rumasa'u ta haihu sau biyu, ba wanda ya kai yaye. Ana cikin haka matar Malam Ja'afaru ta rasu ta bar jariri, Mukhtaru. Malam ya ɗauko shi ya ajiye wa ƙanwarsa a cinya. Yaron ya taso yana kiran Rumasa'u Gwaggo, yana kiran ubansa Abuya irin na Larabawa, Lurwanu kuwa shi ne Baba. Malam Ja'afaru da kansa idan zai kira surukinsa sai ya ce Baban Mukhtaru.

Da dutse ya faɗo wa Lurwanu a kafaɗa har ya kasa ɗaga babbar guduma na wani lokaci, Malam ne ya samo masa aikin farrashi a makarantarsu: share azuzuwa, cika randuna, buɗe ƙofa da rufewa.

Makarantar Hajiya Baraka ake ce mata. Wata attajira ce daga Barno da ta zo hajji ta rasu a Makka, ta bar gidaje biyu wakafi kusa da Harami, ta ce hayar da alhazai za su biya a koyar da 'ya'yan baƙi da ita. Da hayar ake biyan malamai, da ita ake sayen gurasar da ake raba wa ɗalibai da hantsi. Ba babbar makaranta ba ce, ɗakuna ne kaɗan a kewaye da tsakar gida. Abin alfaharinta shi ne babban aji da Malam Ja'afaru ya yi shekaru yana fafutuka kafin a buɗe, inda samari suke shirin jarrabawar gwamnati. Wanda ya ci zai samu shahada, wato takardar shaidar karatu, wanda ke da shahada kuwa zai iya zama magatakarda ko malami, maimakon ɗan dako ko mai ɗiban ruwa. Mukhtaru yana cikin ajin nan.

Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare aka sassauta, ƙwallo ta fito fili. Wata rana bayan La'asar Lurwanu ya tarar da samarin babban aji suna dukan wata tsohuwar ƙwallo a fegin da ke ƙasan unguwa, kowa yana bin ta kamar kaji sun ga tsaba. Ya tsaya, ya kasa haƙuri, ya ɗaure gefen rigarsa a ƙugu ya shiga. Ya nuna wa wannan inda zai tsaya, ya nuna wa wancan yadda ake tare ƙwallo da ƙirji. Kafin shekara ta zagayo, 'yan makarantar Hajiya Baraka sun cinye duk ƙungiyoyin unguwannin da ke kusa. Mukhtaru ne a gaba, ƙafarsa ta hagu kamar majajjawa.

A lokacin ne aka yi wa makarantar sabon mudir, wato shugaba, Ustaz Yunus. Shi ma jikan 'yan Takari ne, ya ɗan yi karatu a Masar, ya dawo da tabarau da zafin zuciya. Ba mugun mutum ba ne. Yana jin ciwon yadda ake kallon yaran unguwarsu a cikin gari, kuma ya yi imani akwai gajeriyar hanyar gyara wannan. Manyan makarantun Makka da Jidda da Ɗa'ifa sun haɗa gasar ƙwallo tsakaninsu, da kofi, da kwamitin da ke tantance wanda zai shiga. Manyan gari suna zuwa kallo, jarida tana buga sunayen 'yan wasa. Ustaz Yunus ya je ya ga kwamitin, aka ce masa ba a karɓar makarantar da ba ta da filin kanta, mai katanga da wurin zaman baƙi.

Ya kira Lurwanu ofis, ya ba shi kujera, abin da ba a taɓa yi ba, har yana ce masa Ammi, wato baffa da Larabci.

"Ammi Lurwanu, kai ka ga filin Atbara da idonka. Za ka iya gina mana irinsa?"

Lurwanu ya ce, "Idan akwai dutse da farar ƙasa da masu taya ni, Ustaz, zan gina wanda ya fi shi."

Ya fito daga ofis ɗin ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Sai dai hayar gidajen wakafi ba za ta ɗauki gini da makaranta gaba ɗaya ba. Shawarar da Ustaz Yunus ya kawo ita ce a karɓi hayar 'yan shekaru masu zuwa tun yanzu daga hannun wani mai saukar da alhazai, a dakatar da gurasa, a kuma rufe babban aji na shekara guda, tunda shi ya fi cin kuɗi. Idan an shiga gasa, in ji shi, attajirai za su san makarantar, gudunmawa za ta zo, a sake buɗe ajin har a ƙara wani.

Aka tara iyaye da dattawan unguwa a tsakar gidan makaranta bayan sallar La'asar. Ustaz Yunus ya yi bayani da Larabci, ya maimaita da Hausa. Sannan Malam Ja'afaru ya miƙe.

"Ni ba na ƙin wasa," in ji shi. "Ɗana ne yake ci muku ƙwallayen. Amma baiwar Allah nan da ta bar gidajenta, karatu ta ce. Yaran nan saura kaɗan su zauna jarrabawa. Wanda ya bar aji yana da shekara goma sha bakwai, kun san ba ya dawowa, kasuwa ce za ta ɗauke shi. Ku bari su gama, in ya so a yi fili daga baya."

Wasu suka gyaɗa kai. Ustaz Yunus ya waiga ya ce a ji ta bakin Ammi Lurwanu, shi ya san yaran a fili.

Lurwanu bai taɓa magana a taro ba. Ya miƙe yana murza hula a hannu.

"Malam ya fi ni sani, kuma shi ya rufa min asiri na samu aikin nan. Amma ni ga abin da na gani. Tun da na zo garin nan, ba a kiranmu sai in akwai kaya mai nauyi. Ko mai shahadar ma, in ya shiga ofis, sai an tambaye shi wa ya aiko shi. Amma na ga wurin da ɗan lebura ya tsaya a tsakiyar fili, manyan gari suka miƙe tsaye saboda shi. Yaran nan sun iya, wallahi sun iya. Shekara ɗaya ce. Ni ba na son ladan gini, a bar ni da albashina na shara."

Maganar ta shiga mutane, don kowa a wurin ya san abin da yake nufi. Wani tsoho mai sayar da tsire ya share ido da hannun riga. Aka amince da shawarar mudir. Malam Ja'afaru ya ɗauki takalmansa ya fita ba tare da ya dubi kowa ba.

Rumasa'u ta riga ta ji kafin mijinta ya iso gida. Ta ajiye masa shinkafa, ta zauna nesa.

"A gaban mutane ka kayar da Yaya."

"Ban kayar da shi ba. Tambayata aka yi."

"Da ka ce ba ka sani ba, wa zai kama ka? Farrashi ne kai."

Ya jawo shinkafar ya ci shi kaɗai.

Da aka rufe ajin, Ustaz Yunus ya ce Malam Ja'afaru ya koma koyar da ƙanana a kan rabin albashi. Malam ya yi godiya ya ƙi. A lokacin gwamnati tana buɗe makarantu a garuruwan kudu, bakin teku, ana neman malamai, sai ya karɓi aiki a wani ƙauye kusa da Ƙunfuza. Ranar da zai tafi ya zo gidan ƙanwarsa da safe, ya ce Mukhtaru ya haɗa kayansa, a can zai ci gaba da karantar da shi har ya zauna jarrabawa. Mukhtaru ya sunkuyar da kai.

"Abuya, ka bar ni in buga gasar nan ko sau ɗaya. Daga nan zan biyo ka."

Malam ya dubi Lurwanu. Da Lurwanu ya ce wa yaron tashi ka bi ubanka, da ya tashi. Amma sai ya ce, "Malam, in babu shi babu ƙungiyar. Ka ara mana shi shekara ɗaya."

Malam Ja'afaru ya ce, "Tayyib, shi ke nan, Baban Mukhtaru. Ai dama tun yana tsumma naku ne. Allah ya sa ni ne ban gane ba."

Ya dafa kan ɗansa, ya yi sallama da Rumasa'u, ya hau motar kaya mai zuwa kudu.

Filin yana can ƙasan Misfala, inda gidajen gwangwani suka ƙare, hanyar Yaman ta fara. Wuri ne mai tsakuwa da ƙaya. Lurwanu da leburori suka kwashe duwatsun, suka tankaɗe ƙasar da rariya kamar gari, jakuna suka yi ta kawo yashi mai laushi daga kwari. Ya zaɓi dutsen katanga da kansa, ya san wane tsauni ne dutsensa ba ya ɓarewa. A gefen yamma ya gina matakalar zama hawa-hawa, yadda inuwa za ta rufe baƙi da yamma. An sayo katakon raga daga Jidda, masunta suka saƙa ragar, riguna kore da fari suka zo daga Masar tare da takalma masu ƙusa. Shekarar da aka ce ba ta isa ba. Kuɗin farko ya ƙare katanga ba ta kai rabi ba, aka sake karɓar haya gaba, aka sallami wani malamin. Daga cikin samarin babban aji, uku suka kama dako a tashar motoci, ɗaya ya bi kawunsa Madina. Waɗanda ke cikin ƙungiya suka tsaya, da safe suna miƙa wa Lurwanu dutse, da yamma suna atisaye.

A shekara ta biyu aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Duk ruwan da ya sauka a Makka ta Misfala yake fita, ya tafi da bukkoki da awaki. Lurwanu ya riga ya haƙa wa ruwan hanya ta bayan katanga, ya kuma zurfafa tushe, sai ambaliyar ta wuce ko dutse ɗaya bai motsa ba. Mutane suka ce wannan alama ce, Allah yana tare da aikin. Lurwanu ma haka ya ɗauka. Ya aika wa Malam saƙo ta bakin wani direba cewa gini ya kusa ƙarewa, Malam ya shirya dawowa. Direban ya dawo ya ce Malam yana gaishe su, ya rame, zazzaɓin ƙasar yana damunsa.

Ranar da 'yan kwamiti suka zo duba fili, sun zo da ƙungiyar wata babbar makaranta don a yi wasan gwaji. Tun da hantsi masu ɗiban ruwa suke yayyafa wa ƙasa ruwa, Lurwanu ya ja layuka da farar ƙasa. Misfala duka ta fito. Maza suka cika matakala da kan katanga, mata suka tsaya can kan tsauni cikin lulluɓi, masu tsire suka kafa tukuba a bakin ƙofa. Baƙin suka fara cin ɗaya. Kafin hutu aka rama. Ana dab da tashi ƙwallo ta faɗo wa Mukhtaru a hagu, ya wuce mutum biyu, ya buga ta shige kusurwa. Guɗar matan nan daga kan tsauni har kusa da Harami an ce an ji ta. Wani dattijo cikin 'yan kwamiti ya miƙe tsaye yana tafi, ya tambayi sunan yaron. Lurwanu yana bakin layi riƙe da bokitin ruwa, hawaye yana gangaro masa cikin gemu, bai ma sani ba.

Da suka koma gida Rumasa'u ta yanka kaza. Ta ce wa Mukhtaru, "Na gan ka, ya waladi, na gan ka." Har mijinta ta yi wa dariya, karo na farko cikin watanni.

Amsa ba ta zo da wuri ba. Watan azumi ya shiga ya fita. Wata rana da azahar Ustaz Yunus ya sauko filin da kansa, cikin rana, ba lema. Ya sami Lurwanu yana gyaran ƙofa.

"Ammi, sun ƙi."

Lurwanu ya ajiye guduma. "Filin ne bai yi ba? Me ya rage? In faɗi ne, akwai wuri ta gabas."

"Filin ya yi. Sun ce babu irinsa a gari." Ustaz Yunus ya cire tabarau ya goge. "Gasar ta makarantun da ke da babban aji ce, masu kai ɗalibai jarrabawar gwamnati. Sun ce yaranmu ba ɗalibai ba ne yanzu, tunda babu ajin da suke zama."

"To a buɗe ajin."

"Da me? Hayar shekaru masu zuwa tana cikin katangar nan."

Lurwanu ya dube shi. "Ustaz, ka san da wannan sharaɗin tun farko?"

Ustaz Yunus bai yi ƙarya ba. Ya ce an faɗa masa tun ranar farko, amma ya ɗauka idan suka ga fili, suka ga wasan yaran, za su kau da kai. Ya ce ya yi ta roƙonsu, wasu ma sun goyi bayansa, amma sauran sun ce in aka buɗe wannan ƙofa kowace makaranta za ta ɗebo 'yan kasuwa ta sa musu riga. Ya faɗi haka yana kuka, babban mutum da shi. Lurwanu bai zage shi ba. Ya ɗauki gudumarsa ya ƙarasa gyaran ƙofar, don ya riga ya cire ƙusoshin.

A shekarar nan kwamitin ya nemi aron filin don wasan ƙarshe na gasa, za su biya. Makaranta tana bukata, aka ba su. Lurwanu ne ya yayyafa ruwa, ya ja layi, ya tsaya a ƙofa yana karɓar baƙi. Yaransa suka hau tsauni suka kalla daga nesa. Mukhtaru bai zo ba.

Lurwanu ya yanke shawarar bayan hajji zai kai Mukhtaru kudu da kansa, ya durƙusa gaban Malam. Ya faɗa wa Rumasa'u, ta fara haɗa wa yayanta tsaraba, dabino da yaji da sabuwar riga. Ba su kai ga tafiya ba. Direban nan ya zo ƙofar gida da yamma, ya ƙi zama, ya ce zazzaɓi ya kayar da Malam Ja'afaru, mutanen ƙauyen sun yi jinyarsa iyakar ƙoƙarinsu, sun rufe shi a can. Ya miƙo ƙullin littattafansa da carbi.

Bayan an share makoki, mutane sun watse, Lurwanu ya zauna a bakin ɗaki ya ce, "Rumasa'u, ki yafe min."

Ta juyo ta dube shi.

"Ba kai ka kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Wannan na sani. Amma ya mutu babu nasa ko ɗaya a kansa, ɗansa yana nan yana ɗaukar maka dutse. Kada ka sake tambayata. Ranar da na samu amsa zan faɗa maka."

Mukhtaru bai zargi kowa ba, sai dai ya daina taɓa ƙwallo. Wata ƙungiya a Jidda ta aiko nemansa, ya ce ba ya so. Ya gwada buɗe littattafan ubansa shi kaɗai, abin bai shiga ba, shekaru sun ja. Da aka zo ɗibar ma'aikata zuwa gabas, wurin haƙar mai, ya ba da sunansa a cikin leburori. Ranar tafiya ya sumbaci kan Gwaggo, ya sumbaci kan Lurwanu, ya ce, "Baba, ni na roƙa a bar ni. Kada ka ɗauka kai kaɗai ne."

Ustaz Yunus ya ajiye aiki ya koma Jidda. Makarantar ba ta mutu ba, amma ta koma ta ƙananan yara, malami biyu. Bayan wasu shekaru aka yi babban fili a wani ɓangaren gari, kwamiti ya daina aron nasu. Masu kula da wakafi suka sayar da filin ga wani mai motocin jigilar alhazai, wanda yake neman wuri mai katanga da zai riƙa ajiye su. Sabon mai wurin ya riƙe Lurwanu a matsayin mai gadi. Ya ce za a faɗaɗa ƙofa, a rushe matakalar zama don motoci su samu wurin juyawa, zai kawo leburori.

Lurwanu ya ce a bar masa, leburori za su farfasa dutsen a banza. Shi kaɗai ya yi aikin, da kafaɗarsa mai ciwo, yana ciro duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a gefe, masu gini a unguwa suna zuwa suna ɗiba. Rumasa'u ba ta taɓa taka filin ba tun rasuwar yayanta, abinci ma aikowa take yi. Amma a cikin kwanakin nan, wata rana da azahar, sai ga ta da kanta ɗauke da kwano. Ta same shi zaune a hawa na ƙarshe da ya rage, yana haki, hannuwansa duk sun tsage. Ta ajiye kwanon, ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, ta zauna a gefensa a kan dutsen.

"Ashe nan akwai inuwa," in ji ta.

"Don baƙi na yi ta."

"Ci abincinka. Maganar da ka tambaye ni, ta wuce. Yaya ma da yana nan da tuni ya ce ta wuce."

Ya ci kaɗan. Suka zauna har aka kira La'asar.

Ya yi gadin motocin 'yan shekaru. Direbobi suna girmama shi, suna kawo masa shayi, galibinsu ba su san shi ya gina katangar ba. Idan yaran unguwa suka roƙe shi su shiga su buga ƙwallo a lokacin da motoci suka tafi Jidda, yakan buɗe musu, amma ba ya tsayawa kallo, kuma ba ya gyara wa kowa tsayuwa. Mukhtaru ya yi aure a gabas, ya koyi aikin walda, ya aiko sau biyu su koma wurinsa. Lurwanu ya ce ya gama tafiya a duniya.

A ƙarshen shekarun 1950, cikin zafin bazara, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai yi mako biyu ba ya cika. Aka yi masa salla a Harami. Cikin waɗanda suka ɗauki makararsa akwai 'yan ƙungiyarsa ta da, yanzu magidanta, ɗaya ɗan dako, ɗaya mai tsire, ɗaya yaron mota. Mukhtaru bai samu isowa ba sai bayan kwana uku. Da Rumasa'u ta fita takaba ya dawo ya ɗauke ta, ta sayar da ɗakin gwangwanin, ta bi shi gabas, inda ta yi sauran kwanakinta tana renon 'ya'yansa.